Na'urorin da ke magana ta iska a Maradi: makullinsu yana hannun wa?

Maganganu biyu ake yawan ji a fada da bakin kasuwa a garin nan, kuma kowacce tana karo da ƴar uwarta. Ta farko a saƙonnin murya na WhatsApp take yawo: wai idan ka bar Bluetooth ɗin wayarka a kunne, wanda ke zaune kusa da kai a tashar mota zai iya kwashe kuɗin asusunka kafin ka shanye kofin shayi. Ta biyu daga bakin masu sayar da kaya take fitowa: wai na'urar bin sawu da ake ɗaura wa babur, ko rimot ɗin ƙofar gida, ko makunnin injin ban-ruwa da ake sarrafawa daga nesa, "aikin Turawa ne, Alhaji, ba mai iya taɓa shi". Masu maganar farko sun firgita mutane fiye da kima, masu ta biyu kuma sun sa mutane barci da ƙofa a buɗe. Tambayar da ke ƙarƙashin duka biyun ita ce: abin da batirinsa bai kai faɗin tsabar dala goma ba, wanda kuma yake aika saƙonsa ta iskar da kowa ke iya saurara, ta yaya yake kare kansa, kuma ta ina ake shigarsa?

Wace irin sadarwa ce wannan?

Wayar salula kullum sai an yi mata caji. Amma akwai na'urorin da duk aikinsu bai wuce faɗin kalma biyu ko uku ba: ruwan tanki ya kai rabi, an buɗe ƙofar sito, firjin allurar rigakafi ya fara ɗumi, saniya ta fita daga makiyaya. Ba wanda zai riƙa zuwa daji kowace safiya don ya canza musu batir. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin sadarwa masu ƙarancin cin wuta, inda na'ura ke kwana tana barci, ta farka na ƙiftawar ido, ta jefa ɗan saƙonta, ta koma. Da haka batir ɗaya kan yi shekaru.

Danginsu na da yawa. Na gajeren zango akwai Bluetooth mai ƙarancin wuta, wanda ya fito a 2010, shi ne a cikin agogunan zamani da na'urorin auna hawan jini ko sukari da ke haɗuwa da waya. Akwai Zigbee, da ake sa wa a ƙwayayen fitila da makunnai na gidajen zamani. Na dogon zango kuwa akwai LoRa, wadda wani ƙaramin kamfani na Grenoble a Faransa ya ƙirƙiro, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. A buɗaɗɗen fili saƙonta kan yi kilomita goma ko fiye, wato kusan tazarar Maradi da Tibiri. Akwai Sigfox, ita ma haifaffiyar Faransa, sai NB-IoT da ta zo a 2016, wadda ke bi ta eriyoyin kamfanonin waya da sim. A can ƙasan layi kuma ga rimot masu araha na ƙofa da na ƙararrawar babur, waɗanda yawancinsu ke magana a kan zangon rediyo na megahaz 433.

Mu nan, mafi yawan abin da ke hannun jama'a har yanzu ta sim da rezon 2G da saƙon SMS yake aiki. Kuma amfanin abin ba a ɓoye yake ba. Ɗan ƙasar nan, Abdou Maman Kané, ya yi suna da ƙirƙirar Télé-Irrigation, tsarin da ke ba manomi damar sarrafa ban-ruwan gonarsa da wayarsa. Duk wanda ya san wahalar lambu a Jiratawa ko bakin Gulbin Maradi a watan Afrilu ya san darajar wannan. Saboda abin na da amfani ne ma ya sa maganar tsaronsa ta dame ni.

Inda ƙarancin wuta ke cin tsaro

Saƙon rediyo kamar magana ce ta saman katanga: maƙwabcin da ka nufa zai ji, mai wucewa a lungu ma zai ji. A yau akwai ƴar na'urar saurare mai girman kebul ɗin ajiyar hotuna, kuɗinta ƴan gomomin dalar Amurka, wadda idan aka soka ta a kwamfuta za ta kama yawancin waɗannan zanguna. Ke nan hana a ji ba zai yiwu ba. Abin da ake yi shi ne abu uku. A juya saƙon ya zama zaurance, yadda wanda ba shi da makulli ba zai fahimta ba. A buga masa hatimi, don mai karɓa ya tabbata daga wanda ya dace ya fito kuma ba a sauya shi a hanya ba. Sannan a ba kowane saƙo lamba mai ƙaruwa, don kada a ɗauki na jiya a sake aikowa yau.

Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana cin wuri, yana cin wuta. Batirin tsaba da ake kira CR2032 ƙarfinsa wajen 220 ne a ma'aunin da batirin waya ke kai 4000 zuwa 5000. Saƙon Sigfox bai wuce bayit 12 ba, wato kamar haruffa goma sha biyu, kuma sau 140 kawai ake iya aikawa a yini, alhali SMS guda na ɗaukar haruffa 160. Irin sa-hannun lissafi da ake kare shafukan banki da shi kuwa, shi kaɗai yakan ci bayit 64. Ba zai shiga ba. Dole aka yi ta rage-rage: hatimin LoRaWAN, wato tsarin da na'urorin LoRa ke bi wajen aika saƙo, bayit 4 ne kacal, Sigfox kuma a tsarinta na asali tana buga hatimi amma ba ta rufe abin da ke cikin saƙon sai in mai na'ura ya nemi hakan.

Wani abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne gyara. Idan aka gano ɓaraka a wayar Android, ana iya turo mata sabuwar manhaja cikin dare ɗaya. Na'urar LoRa da ke aika bayit 51 zuwa 222 a saƙo guda, wadda kuma ƙa'idar Turai ta ce kada ta riƙe iska fiye da kashi 1 cikin 100 na lokaci, tura mata gyara aiki ne ja. Masu arha da yawa ma ba a yi su da ƙofar karɓar gyara ba sam. Da aibin da aka haife su da shi za su rayu shekara goma a jikin famfo ko a ƙarƙashin kujerar babur.

Kwaɗon na da ƙarfi, makullin ne ake bari a kan taga

Nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Ana zaton ɓarawon intanet yana zama ne ya fasa zaurancen da ƙarfin kwamfuta. Kusan duk waɗannan hanyoyi, Bluetooth da Zigbee da LoRaWAN, da kwaɗo guda suke aiki, sunansa AES-128. Wasu masana biyu ƴan Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara shi, Amurka ta mai da shi ma'auni a 2001. Yawan makullan da za a gwada kafin a dace lamba ce mai rubutun adadi 39. Ba kwamfutar da za ta gama wannan ƙirga. Saboda haka mai hankali ba ya dukan kwaɗon, makullin yake nema, kuma tarihi ya nuna sau da yawa ba ya shan wahala.

Zigbee ta daɗe da wani makulli na gama-gari da ake amfani da shi lokacin da sabuwar na'ura ke shiga gida, kuma an buga shi a fili, kowa ya san shi. Wanda ya saurara a daidai wannan lokaci zai iya tsintar makullin gidan gaba ɗaya. A 2016 wasu masu bincike, cikinsu har da Adi Shamir, ɗaya daga cikin manyan masana ilimin sirranta saƙo a duniya, suka ɗauki ƙwan fitilar Philips Hue, suka riƙa auna yadda yake jan wuta yayin da yake lissafi, har suka zaro makullin da kamfanin ke tantance manhajarsa da shi. Sai ga shi makulli ɗaya ne a duk ƙwayayen wannan samfuri. Suka ɗora ƴar na'ura a kan jirgi maras matuƙi, suka tashe shi kusa da wani bene a Isra'ila, suka karɓe ikon fitilun ciki daga waje. Kamfanin ya toshe ɓarakar bayan an sanar da shi. Darasin dai a fili yake ga duk mai shago: idan kwaɗunan layi guda duk makullinsu ɗaya, ɓatan guda ɗaya ya isa.

Bluetooth ma da nata. Na'urar da ba ta da allo ko madannai ba ta da yadda za ta nuna maka lamba ka tabbatar, don haka aka yi mata hanyar haɗuwa ta kai-tsaye, wadda a tsohon tsari makullinta na wucin gadi sifiri ne zalla. A 2013 wani mai bincike, Mike Ryan, ya nuna yadda ake sauraren wannan haɗuwa a warware duk abin da ya biyo baya. An inganta tsarin a 2014, amma tsofaffin na'urori da masu arha ba duka suka bi ba. A 2019 kuma aka bayyana harin da aka laƙaba wa suna KNOB: ashe ƙa'idar Bluetooth ta yarda na'urori biyu su yi ciniki kan tsawon makullinsu, kuma mai kutse na iya shiga tsakani ya sa su sauko zuwa bayit 1. Bayit ɗaya makulli 256 ne kawai, abin da kwamfuta ke gwadawa kafin ka ɗaga kai. Daga baya aka ce kada a yarda da ƙasa da bayit 7.

A LoRaWAN kuwa, kowace na'ura da makullinta na asali, kuma tsarin na da kyau idan an bi shi. Sai dai makullin nan sau da yawa a jikin kwali ake manna shi, ko a turo shi cikin takardar lissafi ta imel, ko mai haɗawa ya sa iri ɗaya a na'ura ɗari don ya huta. Idan wata ƙungiya ta kafa na'urorin auna ruwa a rijiyoyi hamsin tsakanin Dakoro da Mayahi, ta gama aikinta ta tafi, wa ke riƙe da wannan takarda? Wannan tambaya ta fi ƙarfin kwaɗon muhimmanci nesa ba kusa ba.

Maimaita saƙo da toshe iska

Akwai hare-hare biyu da ba sa buƙatar makulli ko kaɗan. Kowa ya san katin kuɗin waya sau ɗaya ake cinsa, in ka sake shigar da lambar za a ce an riga an yi amfani da ita. Rimot mai araha ba shi da wannan wayo. Lamba ɗaya tak yake furtawa duk sanda aka danna shi, yau da gobe da baɗi. Wanda ya naɗi muryarsa sau ɗaya ya mallaki ƙofar. Masu ɗan tsada suna canza lamba a kowane dannawa, amma su ma a 2015 Samy Kamkar ya nuna wata ƴar na'ura ta kusan dalar Amurka 30 da ke toshe kunnen motar, ta naɗe lambar, ta ajiye ta don amfani daga baya.

Toshewar ita ce ta biyu. Na'urar da ke magana da raɗa don ta adana batir, duk wanda ya yi ihu kusa da ita ya rufe ta. Ga mai fatan sa wa shanunsa abin wuya mai bin sawu saboda satar da ta addabi yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsari mai kyau shi ne wanda ke ɗaukar shirun na'ura a matsayin ƙararrawa: in ta saba yin sallama duk minti goma sai ta yi tsit, a kira mai ita nan take.

Na'urar bin sawun babur

A nan na fi so mai karatu ya tsaya, don ita ce ta fi kusa da aljihunmu. Ɗan kabu-kabu da ya ci bashi ya sayi babur, ko Alhajin da ke da manyan motoci a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, yana da hujjar sa wannan na'ura. Tana gaya masa inda abin hawansa yake, wasu ma suna iya yanke mai ko kashe inji da saƙon SMS guda.

A 2019 kamfanin tsaro na Avast ya gano na'urorin bin sawu kusan 600,000 da aka ƙera a Shenzhen ta China, duk suna aiki da lambar sirri ɗaya da suka fito da ita daga masana'anta: 123456. A watan Yulin 2022 kamfanin BitSight da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, suka yi gargaɗi kan samfurin MiCODUS MV720. Shi ma 123456 ce lambarsa ta asali, ga kuma wata babbar lamba da aka dasa a cikin manhajar wadda mai na'ura ba shi da ikon canzawa. Wanda ya san hanya zai iya ganin inda motar take, ya kuma yanke mata mai tana cikin tafiya. An ƙiyasta na'urorin kamfanin miliyan 1.5 ne ke aiki a ƙasashe 169.

Kwanaki na tambayi wani ƙanena mai kabu-kabu ko ya canza lambar tasa. Ya ce, "Yaya, ai mai shagon ne ya saita mini komai, ni dai ina buɗewa in ga babur ɗina." Muka duba tare. Lambar masana'anta ce, kuma asusun da sunan mai shagon aka buɗe shi. Ban ce mutumin na da mugun nufi ba, wataƙila sauƙi ya nema wa yaron. Amma ma'anar hakan ita ce akwai wani, da duk wanda ya ɗauki wayarsa, da ya san inda babur ɗin ke kwana, da lokacin da yake fita, da gidajen da yake tsayawa, kuma yana iya kashe shi a tsakiyar hanya. Abin da aka saya don maganin ɓarawo yana iya zama ɗan jagorarsa.

Irin wannan damuwa ce ta taso da ƙananan maɓallan Bluetooth na neman abin da ya ɓata, irin AirTag da Apple ya fitar a 2021. An samu masu jefa su a jakar mace ko a motar wani don su bi sawunsa, har a watan Mayun 2024 Apple da Google suka haɗu kan tsarin da zai sa waya ta faɗakar da mai ita idan baƙon maɓalli na biye da shi.

To, batun kwashe kuɗi ta Bluetooth fa?

Tsoron yana da tushe, sai dai an kumbura shi. A watan Satumban 2017 kamfanin Armis ya bayyana ɓarakar BlueBorne, wadda ke ba mai kutse damar shiga waya ta Bluetooth ba tare da an danna komai ba, kuma ya ce na'urori sama da biliyan 5 abin ya shafa. An fitar da gyara, amma tsohuwar wayar da ba ta taɓa karɓarsa ba har yau a buɗe take, kuma irin waɗannan wayoyi na hannu sun cika kasuwarmu. Duk da haka sai maharin ya matso ƴan mitoci kusa da kai, da kayan aiki da ƙwarewa, sannan shiga waya daban, fitar da kuɗi daban, tunda akwai lambar sirrin asusu a tsakani. Wanda ke son kuɗinka ya fi samun sauƙi ya kira ka ya ce daga kamfanin waya yake, ka karanta masa lambar da bakinka. Kashe Bluetooth idan ba a amfani da shi ɗabi'a ce mai kyau, musamman a tsohuwar waya, amma ba ita ce ke tsare asusu ba.

Doka, da masu ja da ita

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin raba intanet ta hanyar gwada lambobin sirri na masana'anta kusan 60 kawai. Abin ya iso har Afirka ta Yamma: wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya yi amfani da wani reshenta ya durƙusar da kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019. Tun daga nan ƙasashe suka fara ɗaure masu ƙera kaya. Birtaniya ta hana sayar da na'ura mai lambar sirri ta gama-gari tun 29 ga Afrilun 2024, kuma ta wajabta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa turo gyara. Dokar Tarayyar Turai kan wannan ta fara aiki a Disamban 2024, za ta kankama gaba ɗaya a Disamban 2027. A fagen fasaha kuma, hukumar ma'auni ta Amurka ta zaɓi wani sabon kwaɗo maras nauyi mai suna Ascon a 2023, musamman don ƙananan na'urori.

Masu ja suna cewa duk wani ƙarin tsaro ƙarin kuɗi ne, kuma talakan da ke ƙirga jika-jika kafin ya sayi fitilar sola ba zai biya ba. Suna kuma cewa wa zai ɓata lokacinsa a kan injin ban-ruwan wani manomi a Jiratawa? Hujjar farko na da nauyi, ban raina ta ba, ko da yake ba kowace na'ura lambarta daban ba wani tsada ba ne a masana'anta. Ta biyun ce ban yarda da ita ba. Mirai ba ta san sunan kowa ba, ƙofa kawai take ƙwanƙwasawa bi da bi. Sannan mai cutar da kai a nan ba lallai ya zo daga wata ƙasa ba: abokin rigimar gona ne, ko yaron shagon da aka sallama, ko tsohon mijin da ya ƙi haƙura.

Abin da nake jin tsoro shi ne inda kayan da Turai ta ƙi za su nufa. Masana'anta ba ta zubar da abin da ta riga ta ƙera, kasuwar da ba ta tambaya take nema, kuma Maradi gari ne na fatauci da kaya ke shigo masa ta kowace kusurwa. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, da dokar kare bayanan mutane da aka sabunta a 2022 tare da hukumarta HAPDP, ga kuma ARCEP mai kula da zangunan rediyo da amincewa da kayan sadarwa. A ganina a wurin amincewa da kaya ne ya dace a fara yin tambayar lambar masana'anta da ta gyara, kuma ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na iya sayo samfuran da ke kasuwa su gwada su, su faɗa wa jama'a da Hausa wanne ne mai rufi wanne ne a buɗe.

Kafin ka biya kuɗin

Mai saye ba sai ya san lissafin AES ba. Ya isa ya sa a buɗe asusun da lambar wayarsa shi kansa, ya canza lambar sirri a gaban mai haɗawa bayan an gama aiki, ya kuma tambaya ko akwai wata lambar da ke iya ba na'urar umarni bayan tasa. Sim ɗin da ke ciki ma da sunansa ya kamata a yi rajistarsa, don wanda ya mallaki sim shi ya mallaki bakin na'urar. In rimot ne, a nemi mai canza lamba, kuma kada a jingina tsaron sito a kansa shi kaɗai, a bar sakata da kwaɗon ƙarfe a wurinsu. Ƙungiyar manoma ko asibitin da za a kafa wa na'urori da yawa kuwa, su sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa kowace na'ura da makullinta daban, za a damƙa musu jerin makullan a hannu, kuma injin zai ci gaba da kunnuwa da hannu ko da kamfanin da ke riƙe da saƙonnin ya rufe. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba zato ba ne: Sigfox kanta ta faɗa hannun kotu saboda bashi a Janairun 2022, sai da kamfanin UnaBiz na Singafo ya saye ta a watan Afrilun 2022 kafin hankalin masu na'urorinta ya kwanta.